Jarrabawar Gida ko ta Maƙwabta: Zaɓin Ɗalibin Kanada Mai Neman Likitancin Haƙori a Amurka

Ƙasar Kanada, duk faɗinta, makarantun koyon likitancin haƙori goma kacal gare ta. Suna jami'o'in British Columbia da Alberta da Saskatchewan da Manitoba da Toronto da Western da McGill da Montreal da Laval da kuma Dalhousie. Biyu daga cikinsu, Montreal da Laval, da Faransanci suke koyarwa. Da yawa daga cikin sauran sun keɓe mafi yawan gurabensu ga 'yan lardin da suke ciki. Toronto, wadda ta fi kowacce girma, 'yan ajin farkonta ba su cika ɗari ba, Manitoba kuwa kusan 30 take ɗauka a shekara. Masu nema sun ninka guraben sau da yawa, har ya zama ruwan dare a ga yaro mai ƙwazo, mai sakamako tas, ya nema shekara biyu ko uku a jere bai samu ba.

A kudu da iyaka labarin daban ne. Amurka na da makarantun haƙori sama da 70, kuma Jami'ar Niyu Yok kaɗai kan ɗauki ɗalibai fiye da 350 a aji guda. Wannan ya sa ɗaliban Kanada masu yawa kan karkata zuwa can, kuma da zarar sun karkata sai tambaya ɗaya ta tare musu hanya: shin da jarrabawar shiga ta gida za su nema, wadda makarantun Amurka da dama suka yarda da ita, ko kuwa su zauna wa ta Amurkar kanta?

Wanda ya saba da tsarin Najeriya yana bukatar ɗan bayani a nan. A wurinmu yaro daga sakandare yake rubuta jarrabawar JAMB, idan ya dace ya shiga tsangayar haƙori kamar ta Jami'ar Bayero ko ta Maiduguri, ya yi shekara shida. A Kanada da Amurka kuwa, galibi sai ɗalibi ya fara yin karatun jami'a na wasu shekaru, yawanci har ya kammala digirin farko, sannan ya rubuta jarrabawa ta musamman, ya nemi shiga karatun haƙori na shekara huɗu. Iyalan Najeriya da suka yi ƙaura zuwa Toronto da Calgary da Winnipeg, har da Hausawa a cikinsu, 'ya'yansu ma wannan layin za su bi. Saboda haka zancen ya shafi wasu gidajenmu kai tsaye.

Kama da wane ba ta wane

Jarrabawar biyu duk DAT ake kiransu, duk a kwamfuta ake yin su yanzu, a cibiyoyin kamfanin Prometric, kuma ana iya zaɓar rana a kusan kowane lokaci na shekara. Ƙungiyar likitocin haƙori ta Amurka ce ke gudanar da ɗaya, takwararta ta Kanada ke gudanar da ɗayar. Daga nan kamannin ya fara raguwa.

Ta Amurka tambayoyi 280 ce, kashi huɗu. Kashin kimiyya yana da tambaya 100 a minti 90: bayoloji 40, kemistiri na gama-gari 30, sai kemistirin oganik 30, wato sashen da ke nazarin sinadarai masu ɗauke da kabon. Daga nan sai gwajin gane siffofi da ido, tambaya 90 a awa ɗaya. Sai auna fahimta, tambaya 50 a awa ɗaya. Sai lissafi, tambaya 40 a minti 45. In an haɗa da hutu da sharar fage, ɗalibi kan shafe fiye da awa biyar a cibiyar. Tun daga watan Maris na 2025 ake bayar da makinta a ma'aunin 200 zuwa 600, maimakon 1 zuwa 30 da aka daɗe da sani.

Ta Kanada tambayoyi 210 ce ga mai rubutawa da Ingilishi: bayoloji 40, kemistiri na gama-gari 30, gwajin siffofi 90, auna fahimta 50. Babu kemistirin oganik, babu lissafi. Mai rubutawa da Faransanci ma ba ya yin auna fahimta. Kafin 2022 a takarda ake yin ta, sau biyu a shekara, a Nuwamba da Fabrairu. A da kuma tana da wani sashe da ya yi suna: a miƙa wa ɗalibi sandar sabulu da 'yar wuƙa da ma'aunin tsawo, a ba shi rabin awa ya sassaƙo wata siffa daidai da zanen da ke gabansa, da kusurwa da rami da shafaffen gefe, kowanne a kan awonsa. Hannun da ya yi rawa ya gutsure gefen sabulun, maki ya tafi. Amurkawa ma sun taɓa yin irin wannan da alli, suka daina tun farkon shekarun 1970.

Abin da ya rage na gwada baiwar sana'ar a dukkan jarrabawar biyu shi ne gwajin siffofi, kuma kala shida ne, kowace kala tambaya 15. A ɗaya daga ciki za a nuna maka takarda mai kusurwa huɗu an ninke ta, an sake ninkewa, wani lokaci har sau uku, sannan an huda ta a wuri guda. Aikinka ka warware ninkin a cikin kanka, ka faɗi inda kowane huji zai faɗo idan aka shimfiɗa takardar. A wata kalar kuma kusurwoyi huɗu za a jera maka waɗanda tazararsu ba ta wuce 'yan digiri ba, a ce ka tsara su daga ƙarama zuwa babba, da ido kawai. Daƙiƙa 40 ke gare ka a kan kowace tambaya. Dalilin gwajin a fili yake: likitan haƙori a cikin kogon da bai fi 'yan milimita ba yake aiki, sau da yawa ta madubi yake kallo, hagu ta koma dama. A wannan fannin ɗalibin Kanada bai rasa komai ba, domin shirin da ya yi wa ɗaya zai yi masa aiki a ɗayar.

Abin da ke jan mutum ga ta gida

Hujjar masu tsayawa kan jarrabawar gida tana da ƙarfi, kuma bai kamata a raina ta ba. Ta farko ita ce lokaci. Kemistirin oganik fanni ne mai cin rai, da ɗaruruwan hanyoyin haɗuwar sinadarai da sai an fahimta an kuma haddace. Ɗalibin da ke shekararsa ta uku a jami'a, yana fama da darussa, yana aikin wucin gadi don biyan haya, yana kuma zuwa asibitin wani likita yana kallon aiki, idan aka ɗauke masa wannan fanni da lissafi an ɗauke masa makonni na karatu. Makonnin nan zai iya zuba su a kan sakamakonsa na jami'a, wanda makarantun Kanada ke ɗora wa nauyi ƙwarai.

Ta biyu ita ce jarrabawa ɗaya ta yi aiki a wurare da yawa. Da sakamakon nan guda zai nema a gida, ya nema a makarantun Amurka da suka yarda da shi, har ma ya tsallaka zuwa Ostareliya, inda jami'o'in Sidni da Melbon ke karɓar sa daga ɗaliban ƙetare. Kuɗin rajistar ta Amurka kaɗai ya haura dala 500, ban da littattafai da darussan shiri na intanet. Wanda ya yi ɗaya ya huta ya tsira da wannan.

Ta uku kuwa ita ce makarantun da suka fi buɗe ƙofa ga baƙi su ne dai suka fi sabawa da sakamakon Kanada. Makarantun gwamnatin jihohi a Amurka 'yan jiharsu suke fifitawa, wasu ma ba sa ɗaukar wanda ba ɗan ƙasa ba ko kaɗan. Masu zaman kansu, irin su Niyu Yok da Jami'ar Boston da Detroit Mercy, wadda kogi ne kawai ya raba garinta da birnin Windsor na Kanada, sun daɗe suna ɗaukar 'yan Kanada. Mai wannan ra'ayi zai ce: tunda ƙofofin da za su buɗe mini sun san takardata, me zai kai ni neman wata?

Inda gizo ke saƙa

Sai dai abin da jarrabawar gida ba ta tambaya ba bai ɓace ba. Wani wuri aka mayar da tambayar. Kusan duk makarantun haƙori na Amurka sun shardanta ɗalibi ya yi darasin kemistirin oganik a jami'a, har da aikin ɗakin gwaji, kafin ya shiga. Idan takardar mai nema ta iso gaban kwamitin tantancewa babu makin wannan fanni a jarrabawa, idonsu kan sakamakon jami'arsa zai koma. Wanda ya ci darasin da kyau ba shi da fargaba. Wanda kuwa ya sha da ƙyar a shekararsa ta biyu, ya rasa damar da ɗan Amurka ke da ita ta wanke kansa, wato ya kawo maki mai kyau a jarrabawar ƙasa ya nuna cewa tuntuɓen baya ya wuce. Abin takaicin shi ne ɗalibin da ya fi gudun wannan fanni shi ne ya fi bukatar a gwada shi a kai.

Akwai kuma lissafin matsakaicin maki, wanda mutane da yawa ba sa lura da shi. A Amurka fannoni biyar ake haɗawa a raba: bayoloji, kemistiri biyu, auna fahimta da lissafi. A Kanada uku ne: bayoloji, kemistiri da auna fahimta. Ke nan auna fahimta kashi ɗaya cikin biyar ne a can, kashi ɗaya cikin uku a nan. Mu ɗauki misali a tsohon ma'aunin 1 zuwa 30. Yarinya ce gwana a kimiyya da lissafi, tana samun 22 a kowanne, amma karatun dogon rubutun Ingilishi cikin gaggawa yana ba ta wahala, sai ta sami 16. A jarrabawar Kanada matsakaicinta 20 ne. A ta Amurka, inda fannoni huɗu za su tallafi guda ɗayan, ya kusa 21. A gasar da maki ɗaya ke raba wanda za a kira ganawa da wanda za a ajiye takardarsa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ɗan masu ƙaura da ya iso ƙasar da girmansa, wanda ƙarfinsa a lissafi da kimiyya yake, jarrabawar da ake ce wa mai sauƙi tana iya zame masa mai tsada. Akasin haka ma gaskiya ne: mai saurin karatu da ke tsoron lissafi, ta gida ce ta fi rufa masa asiri. Sauƙi da wuya a nan sun danganta da wanda ke zaune a gaban kwamfutar.

Sannan akwai batun yadda ake karanta sakamakon. Manomin da ya kai hatsinsa baƙuwar kasuwa da kwanon awon garinsu, ko da masu saye sun yarda su karɓa, a zuci suna juya awon zuwa nasu kwanon, kuma in shakka ta shiga ba mai kaya take yi wa daɗi ba. Kwamitin da ke duba dubban takardu, mafi yawansu da maki iri ɗaya, ya san ma'anar kowace lamba a jarrabawar ƙasarsa, domin shekara da shekaru yana ganin yadda masu wannan lambar ke ƙarewa a aji. Lambar da ta zo daga wata jarrabawa, wadda aka auna da wasu ɗalibai daban a kan fannoni daban, sai an yi mata fassara. Yarda da takarda mataki ne na farko kawai. A fifita mai ita a kan wani, wannan wani mataki ne.

Kuma yardar ba ta game ko'ina ba. Kowace makaranta ita ke yanke wa kanta hukunci, wasu sun ce ta Amurka kawai suke so, ƙa'idar kuma tana iya canjawa daga shekara zuwa shekara. Wanda ya riƙe ta gida kaɗai ya rage wa kansa ƙofofi tun kafin ya fara ƙwanƙwasawa, alhali dama ƙofofin baƙo ba su da yawa. Ta Amurka kuwa babu makarantar Amurka da za ta ƙi ta, wasu makarantun Kanada ma suna karɓar ta, haka nan Sidni da Melbon. Ba ta kuma bukatar tafiya, tunda akwai cibiyoyin da ake rubuta ta a cikin Kanada.

Lokaci ma yana da nasa hukuncin. Mafi yawan makarantun Amurka ta dandali ɗaya ake nemansu, wanda ake kira AADSAS, ana fara miƙa takardu a farkon Yuni, kuma da zarar takarda ta cika ake duba ta, ba a jiran a rufe. Amsoshin farko a Disamba suke fita. Sakamakon ta Amurka kai tsaye yake shiga wannan dandali, na Kanada kuwa sai mai shi ya bi sawu, ya tabbatar an aika, an kuma karɓa. Wanda ya dogara da ta gida, sai a watan Agusta ya gano makarantar da ya fi so ba ta karɓa, ya makara: kafin ya karanta fannoni biyun da ya tsallake, ya zauna, sakamako ya iso, an riga an raba kujerun ganawa. Idan kuma bai ci yadda yake so ba, sai ya jira kwana 60 kafin a bar shi ya sake.

Nauyin da ya fi jarrabawa

Duk wannan muhawara a kan mafi arahar sashen tafiyar ake yin ta. Shekara huɗu a makarantar haƙori mai zaman kanta a Amurka, in an haɗa kuɗin makaranta da kayan aiki da masauki da abinci, kan haura dala 400,000. Baƙon ɗalibi ba ya cikin masu samun rancen karatu na gwamnatin tarayyar Amurka, sai dai ya nemi bashin banki a gida, galibi da sa hannun iyaye, wani lokaci da jinginar gidansu. Kafin a ba shi takardar izinin karatu sai ya nuna shaidar kuɗin. Ɗan ƙasar Kanada ba ya bukatar biza a fasfonsa, amma wanda ke da izinin zama kawai, yana riƙe da fasfon wata ƙasa, sai ya nemi biza. Iyalin da ke shirin ɗaukar wannan kaya, bai dace a ce tsimin dala ɗari biyar da 'yan makonnin karatu ne zai tsara musu makarantun da ɗansu zai iya nema ba. Makaranta guda da ta fi araha, ko mai bayar da tallafi, wadda jarrabawar Amurka ta buɗe, tana iya rage bashin da dubban daloli.

Abin da ya sa tafiyar ke da ma'ana tun asali shi ne yarjejeniyar da ke tsakanin hukumomin tantance makarantun haƙori na ƙasashen biyu. Wanda ya gama a makarantar da Amurka ta tantance, Kanada na ɗaukar sa daidai da wanda ya gama a gida: zai zauna wa jarrabawar hukumar lasisi ta ƙasa, ya yi rajista a lardinsa, ya fara aiki. Kanada ta ƙulla irin wannan da Ostareliya ga waɗanda suka kammala daga 2010, da Niyu Zilan daga 2011, da Ayalan daga 2012. Wanda ya yi karatu a wata ƙasar da ba ta cikin wannan jeri, ko da ta karɓe shi cikin sauƙi, doguwar hanyar tantancewa ke jiran sa, wadda likitocin Najeriya da suka koma Kanada suka san tsawonta da tsadarta. Mu ma haka muke yi: wanda ya karanto likitanci a waje sai ya ci jarrabawar hukumar likitoci ta Najeriya kafin a ba shi lasisi. Saboda haka kafin a tambayi wace jarrabawa za ta kai yaro waje, a fara tambayar wace takarda za ta dawo da shi bakin aiki.

Inda na tsaya

Ra'ayina shi ne jerin makarantu ake fara rubutawa, sannan a zaɓi jarrabawa. Ɗalibi ya zauna da iyayensa ya fitar da sunayen makarantun da ke ɗaukar baƙi, waɗanda iyalin za su iya biya, ya rubuta wa kowacce ya ji ƙa'idarta ta bana daga bakinta, kada ya dogara da abin da wani ya ce an yi masa shekara uku da suka wuce.

Wanda zuciyarsa ke kan makarantun Kanada, Amurka kuwa madogara ce in gida ta ƙi, makinsa na kemistirin oganik a jami'a mai kyau ne, kuma makarantu huɗu ko biyar da ya zaɓa duk sun tabbatar masa suna karɓa, jarrabawar gida ta ishe shi. Ƙara wata a kai ɓata ƙarfi ne da ya kamata ya tafi ga sakamakon jami'a da shirin ganawa.

Amma wanda ya riga ya san Amurka ce hanyarsa, ko don ya gwada gida bai samu ba, ko don lardinsa ba shi da makaranta, ko don sakamakonsa na jami'a yana bukatar abin da zai tallafe shi, to ya daure ya zauna wa ta Amurka. Zai ƙara fannoni biyu, zai ƙara awa ɗaya da 'yan mintuna a kan kujera, amma zai shiga gasar da ma'auni ɗaya da kowa, babu ƙofar da jarrabawa ta rufe masa. Kuma karatun ba asara ba ne. Ilmin sinadaran jiki da na magunguna da zai tarar a shekarun farko na makarantar a kan kemistirin oganik aka gina su, kuma allurar kashe zafin da zai riƙa yi wa mutane kullum sai ya lissafa adadinta daidai da nauyin majiyyaci, musamman yaro ƙarami. Wanda ke neman a damƙa masa bakin mutane da lafiyarsu, bai kamata tun a mataki na farko ya fara da tambayar wane fanni zai iya kauce wa ba. Ya zaɓi jarrabawar da za ta nuna abin da ya iya a gaban mutanen da yake so su ɗauke shi, ko da ita ce mafi tsawo.